Wiwin masana'antu a Ghana: abin da tazarar shuka ke faɗa game da gona, da abin da ba ta faɗa

Tun daga shekarar 2023, lokacin da majalisar dokokin Ghana ta sake amincewa da dokar da ta ba da damar noman wani nau'in wiwi bisa lasisi, maganar da ke yawo a bakin jama'a, daga zangunan Akara da Kumasi har zuwa majalisun hira na Kano da Maraɗi, ita ce wai Ghana ta halasta tabar wiwi. Abin da ya ƙara rikita mutane shi ne hotunan gonakin da kafafen labarai ke haɗawa da irin wannan labari. A wani hoton za a ga shuka ta yi cunkus, dogaye siraran karare kamar gonar rama, ko ɗan akuya ba zai iya kutsawa ba. A wani kuma za a ga kowane tushe yana zaune shi kaɗai, ya baje rassa kamar ƙaramar bishiyar lemo, da fili tsakaninsa da ɗan'uwansa. Duka biyun ana kiransu gonar wiwi, duka biyun kuma suna iya kasancewa bisa doka a ƙasashen da suka yarda. Bambancin da ido ke gani ya samo asali ne daga tazarar shuka, kuma wanda ya fahimci dalilin wannan tazara ya fahimci rabin muhawarar da ake yi.

## Kalmomin da ya kamata a rarrabe

Shukar dai guda ce, masana na kiranta Cannabis sativa, amma ɗan'adam ya shafe dubban shekaru yana zaɓen irinta don buƙatu daban-daban, har aka samu nau'o'in da suka yi hannun riga da juna. Sinadarin da ke sa maye shi ne wanda ake taƙaita sunansa da THC, kuma ya fi taruwa ne a furen macen shukar da ƙananan ganyen da ke kewaye da shi. Akwai wani sinadarin, CBD, wanda ba ya bugarwa, ana kuma haɗa magani da shi, musamman na wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani.

Abin da ake kira wiwin masana'antu shi ne nau'in da THC ɗinsa bai wuce wani ƙaramin ma'auni da doka ta gindaya ba. A Ghana ma'aunin shi ne kashi 0.3 cikin ɗari na nauyin busasshiyar shuka, wato giram 3 a cikin kilo guda. Tabar da ake sha don maye tana ɗauke da ninkin wannan sau da yawa, wasu nau'o'in zamani ma sukan haura kashi 15 cikin ɗari. Wannan adadi na 0.3 ba daga wani gwajin lafiya ya fito ba. Wasu masana tsirrai biyu, Ernest Small da Arthur Cronquist, suka kawo shi a shekarar 1976 domin rarrabe nau'o'in shukar a ilimance, daga baya gwamnatoci suka ɗauke shi suka mayar da shi doka. Kanada ta yi amfani da shi lokacin da ta buɗe noman a 1998, Amurka ta sa shi a dokar noma ta 2018, Tarayyar Turai kuma ta ɗaga nata ma'aunin daga 0.2 zuwa 0.3 a farkon 2023.

## Yadda dokar Ghana ta zo

A shekarar 2020 Ghana ta kafa sabuwar dokar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, doka mai lamba 1019. Sashe na 43 na dokar ya ba Ministan Harkokin Cikin Gida ikon ba da lasisin noman wiwin da bai wuce kashi 0.3 ba, bisa shawarar hukumar, domin samun zare ko ƙwaya don masana'antu, ko domin magani. A watan Yulin 2022 Kotun Ƙoli ta soke wannan sashe da rinjayen alƙalai huɗu a kan uku, kuma dalilinta bai shafi kyau ko munin shukar ba. Kotun ta ce an cusa sashen ne ba tare da majalisa ta yi muhawara a kansa yadda tsarin mulki ya tanada ba. Gwamnati ta nemi kotun ta sake duba hukuncin, aka ƙi a 2023, sai majalisa ta bi hanyar da ta dace ta zartar da gyaran dokar a watan Yulin 2023, ƙa'idojin aiwatarwa kuma suka biyo baya a watan Disamba.

Saboda haka abin da aka halasta ƙunci gare shi ƙwarai. Shan wiwi don maye laifi ne a Ghana har yanzu, noma ba tare da lasisi ba laifi ne, wanda kuma ya samu lasisi amma gonarsa ta haura ma'auni ya fita daga inuwar doka. A cikin wannan ƙuncin ne dokar ta ambaci abubuwa uku, zare da ƙwaya da magani, kuma kowannensu yana da irin gonar da yake buƙata.

## Gonar zare: cunkoso da gangan

Manomin da ya taɓa shuka rama don igiya ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Idan aka bar tushen rama ɗaya a bakin kunya, yana samun rana ta kowace kusurwa, zai yi rassa da ganye mai yawa, ya dace da mai neman ganyen kwaɗo. Idan kuwa aka watsa irin da kauri, kowane tsiro zai miƙe sama yana tseren neman haske, ya zubar da ganyen ƙasa, ya bar dogon kara marar reshe wanda ɓawonsa ke saɓulewa tun daga gindi har kai bayan an jiƙa shi a ruwa. Ba banza ba ma masana suka raɗa wa rama sunan Hibiscus cannabinus, domin ganyen wasu nau'o'inta ya yi kama da na wiwi, duk da cewa ba dangi ɗaya ba ne kuma rama ba ta da sinadarin maye.

Wannan ɗabi'a ce manoman zaren wiwi na Faransa, wadda ke kan gaba a Turai, da na lardin Heilongjiang na ƙasar Sin suke amfani da ita. Suna shuka da inji a layuka masu tazarar santimita 10 zuwa 20, suna zuba iri kilo 40 zuwa 60 ko fiye a hekta guda, domin su samu tsiro kamar 200, wani lokaci har 300, a kowane murabba'in mita. Idan aka lissafa a kan 200, hekta guda za ta ɗauki tsiro miliyan biyu. Don a gane girman wannan adadi, masarar da malaman gona ke cewa a shuka da tazarar santimita 75 tsakanin kunya da 25 tsakanin rami, tushe dubu 53 da 'yan kai take bayarwa a hekta.

Dalilan cunkoson uku ne, kuma na farko ya fi nauyi. Zaren da ake nema yana cikin ɓawo ne, kuma gwargwadon sirantar kara, gwargwadon yawan ɓawo idan aka kwatanta da itacen ciki. Kara mai kauri da rassa yana ba da zare mai kaushi da gaɓoɓi, wanda masaƙa ba sa so, ko da yake itacen cikin ma yana da kasuwa, ana yin shimfiɗar dabbobi da shi, ana kuma cuɗa shi da farar ƙasa a yi bulon gini. Na biyu, shukar da ta yi kauri takan rufe ƙasa da inuwa cikin 'yan makonni, ciyawa ta rasa hasken da za ta tashi, manomi ya huta da maimai da kuɗin maganin feshi. Na uku, karare masu tsawo ɗaya da kauri ɗaya sun fi sauƙin yanka da sarrafawa a inji.

Amma cunkoson ma yana da iyaka. Idan iri ya yi yawa fiye da kima, ƙarfafan tsirrai sukan danne raunana su mutu a tsaye, a yi asarar kuɗin iri ba tare da ƙarin amfani ba, gonar kuma takan kwanta idan iska mai ƙarfi ta zo da ruwa. Muhimmin abu ga mai duba doka shi ne cewa ana yanke gonar zare ne a daidai lokacin da ta fara fure, kafin furen ya nuna, wato kafin lokacin da sinadarin maye ke taruwa sosai.

## Gonar ƙwaya da gonar fure

Mai neman ƙwaya yana tsakiya ne. Ƙwayar wiwin masana'antu tana da mai kusan kashi 30 cikin ɗari da sinadarin gina jiki kusan kashi 25, ana matse ta kamar riɗi, ana kuma cin ta. Manoman Kanada, waɗanda suka fi karkata ga wannan ɓangare, suna rage iri zuwa kamar rabin na gonar zare, domin kowane tushe ya samu hasken da zai cika kansa da ƙwaya, amma ba sa buɗe tazarar har ta kai ga ciyawa ta samu wuri ko karan ya yi kaurin da zai gagari injin girbi. A wannan gona dole a bar namiji da mace tare. Wiwi kamar dabino yake ko gwanda, akwai tushen da ke namiji akwai wanda ke mace, kuma sai iska ta kwashi ƙurar furen namijin ta kai wa macen kafin ta yi ƙwaya.

Gonar fure, wadda ake nomawa domin CBD, ita ce akasin gonar zare ta kowace fuska. A Amurka, inda aka yi rububin wannan noma bayan dokar 2018, ana dasa tushe ɗaya-ɗaya da tazarar mita ɗaya da 'yan kai zuwa kusan mita biyu. Idan aka ɗauki mita ɗaya da rabi ta kowane gefe, hekta guda ba za ta kai tushe dubu huɗu da ɗari biyar ba. Wato inda manomin zare ya zuba miliyan biyu, manomin fure ya dasa abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari huɗu na hakan ba. Yana son rassa ne, domin a kan rassa fure ke fitowa, yana kuma son iska ta riƙa ratsa tsakanin tushe da tushe, domin furen yana da cunkoso da danƙo, idan laima ta kwana a cikinsa sai fumfuna ta kama shi ya ruɓe daga ciki. Wannan batu na laima ba ƙarami ba ne ga kudancin Ghana mai damina biyu a shekara. Sannan buɗaɗɗiyar tazara tana nufin ciyawa za ta samu rana, aikin hannu ya ƙaru, tun daga dashe har girbi da shanya.

A irin wannan gona mace kaɗai ake bari, domin da zarar ƙurar namiji ta same ta sai ta mayar da ƙarfinta ga yin ƙwaya, sinadarin da ake nema ya ragu. A nan ne maganar tazara ke tashi daga tsakanin tushe da tushe ta koma tsakanin gona da gona. Ƙurar furen wiwi ba ta da nauyi, iska na kai ta nesa, har masu tantance iri a Kanada sukan nemi ratar kusan kilomita 5 tsakanin gonar da ake samar da iri mafi tsarki da kowace gonar wiwi. A wasu jihohin Amurka rikici ya kai ga kotu tsakanin maƙwabta, mai fure yana zargin mai ƙwaya da ɓata masa amfani. Duk hukumar da za ta raba lasisi iri uku a yanki ɗaya, ba tare da ta tsara wa zai zauna kusa da wa ba, ta shuka wannan rigima tun kafin a shuka iri.

## Matsalar tsawon yini

Akwai wani abu da ke hana a kwafo alƙaluman Faransa ko Kanada a liƙa wa Ghana kai tsaye. Yawancin nau'o'in wiwi suna fara fure ne idan suka ji dare ya yi tsawo. A Turai da Kanada yinin bazara yakan kai awa 15 ko 16, don haka shukar takan yi watanni tana miƙewa, ta kai mita uku ko huɗu, kafin yini ya gajarta ta yi fure. A Ghana kuwa, kamar sauran ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, yini bai cika nisa da awa 12 ba duk shekara. Irin da aka saba da shi a Turai idan aka kawo shi nan sai ya ɗauka kaka ta yi, ya yi fure yana ɗan gajere. Manoman dawa da wake sun san irin wannan hali, domin akwai dawar gargajiya da ba ta fitar da kai sai lokacinta ya yi, ko da wuri aka shuka ta ko a makare.

Abin da wannan ke nufi ga tazara a fili yake. Shukar da ta tsaya a gajere ba za ta rufe ƙasa da wuri ba, ba za ta ba da dogon zare ba, kuma ratar da aka bar mata bisa lissafin wata ƙasa za ta zama filin ciyawa. Tazarar da ta dace da Tamale ko yankin Volta sai an samo ta ta hanyar gwaji a ƙasar wurin, da irin da ya jure gajeren yini, kuma irin da zai yi haka ba tare da ya haura kashi 0.3 ba. Haɗa waɗannan sharuɗɗa biyu a iri ɗaya shi ne aiki mafi wuya a duk wannan harka, ya fi samun fili ko jari wuya.

## Shin tazara na iya zama shaida?

Masu goyon bayan noman suna da hujjar da suke yawan kawowa. Suna cewa ba za a iya ɓoye tabar maye a cikin gonar zare ko ta ƙwaya ba, domin cunkoso zai hana ta rassa, ƙurar namiji za ta cika ta da ƙwaya ta rage mata daraja, kuma jami'in da ya tsaya a bakin gona, ko ya duba hoto daga sama, zai gane bambancin nan take. Game da waɗannan gonaki biyu, hujjar tana da ƙarfi.

Masu adawa suna amsawa da cewa hujjar ta tsaya ne a kan zare da ƙwaya, ba ta kai ga gonar fure ba. Gonar CBD da gonar tabar maye tazararsu ɗaya, siffarsu ɗaya, warinsu ɗaya, babu idon da zai raba su sai ɗakin gwaji. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ya sa doka ba ta auna tazara, sinadari take aunawa. Ƙasar da ba ta da isassun ɗakunan gwaji da jami'an da za su ɗebi samfur a kan lokaci, ta buɗe ƙofar da ba ta da mai gadi. Cikin masu adawa akwai NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Nijeriya, wadda shugabanta Buba Marwa ya sha bayyana adawarsa da halasta wiwi, yana nuni da binciken 2018 da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a ƙasar. A ɗaya gefen, marigayi gwamnan Ondo Rotimi Akeredolu ya yi ta kira da a bar noman don magani da fitarwa waje, yana cewa dazuzzukan jiharsa sun riga sun cika da gonakin ɓoye waɗanda gwamnati ba ta samun komai daga gare su sai ɗawainiyar ƙonawa. Rabuwar kan ta bayyana har a matakin duniya: a Disambar 2020, lokacin da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai tsara dokokin ƙwayoyi ta cire wiwi daga rukunin ƙwayoyi mafi tsanani da ƙuri'a 27 a kan 25, Moroko da Afirka ta Kudu sun goyi baya, Nijeriya ta ƙi.

Akwai kuma muhawara a kan ma'aunin kansa. Wasu na ganin 0.3 ya yi tsauri ga ƙasashe masu zafi, suna kafa misali da Suwizalan da Jamhuriyar Cek waɗanda suka sa nasu a kashi 1 cikin ɗari. Sai dai binciken da Jami'ar Cornell ta Amurka ta fitar a 2020 ya nuna cewa jinin irin ne ya fi yanayi tasiri wajen haura ma'auni. Lokacin girbi ma yana da nasa hannu, domin a gonar fure THC yana ƙaruwa ne tare da CBD yayin da furen ke nuna, ta yadda jinkirin 'yan kwanaki ka iya mayar da halastacciyar gona haramtacciya.

## Abin da zai shafi talaka

Ga ƙaramin manomi a Ghana, kowace tazara tana zuwa da nata kuɗin. Gonar zare tana cin iri da yawa, irin kuma sai wanda hukuma ta amince da shi, galibi daga waje. Ban da haka, kara kaya ne mai cika mota ba tare da nauyin kuɗi ba, idan babu masana'antar da ke raba ɓawo da itace a kusa, kuɗin dako zai cinye ribar. Gonar fure ba ta cin fili, amma tana cin hannu da shinge da gadi da kuɗin gwaji, kuma ita ce ta fi haɗarin a ƙone ta idan ta haura ma'auni. Manoman Amurka da suka yi tururuwa a 2019 sun ga yadda farashin furen ya faɗi warwas cikin shekara guda saboda kaya sun fi masu saye yawa, da yawa suka bar amfaninsu a rumbu. A Lesotho, wadda ta fara ba da lasisin wiwin magani a Afirka a 2017, tsadar lasisi ta sa harkar ta koma hannun manyan kamfanoni, manoman tsaunuka da suka gaji noman suka ci gaba da zama a wajen doka. Moroko ta bi wata hanya a dokarta ta 2021 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta: ta keɓe noman ga larduna uku na tsaunukan Rif, wato Al Hoceima da Chefchaouen da Taounate, ta wajabta wa manoma shiga ƙungiyoyin haɗin gwiwa, ta kuma sa sai sun ƙulla yarjejeniya da mai saye mai lasisi kafin su yi shuka.

Ga mazauna zango da 'yan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Akara da Legas, ko tsakanin Kumasi da Yamai, abin lura shi ne dokar Ghana ta tsaya a iyakar Ghana. Dokar Nijeriya ta 1966 ta fassara wiwi da cewa duk wata shuka ko ɓangaren shuka na wannan jinsi, ba ta ware mai kashi 0.3 daga mai kashi 15 ba, kuma hukuncin nomansa ɗauri ne mai tsawo. A Nijar ma haramun ne. Buhun iri ko kwalbar man fure da aka saya bisa ƙa'ida a wata ƙasa, idan ya iso Seme ko wani shingen bincike a kan hanya, jami'in da ya buɗe shi da dokar ƙasarsa zai yi aiki, kuma takardar lasisin da aka buga a Akara ba ta cikin abin da zai duba.